Abin da Aka Faɗa a Ɗakin Murhu

Duk wanda ya ce maka Zumreta mai sanyin hali ce, bai taɓa aiki da ita ba. Ni na yi, shekara da shekaru a gini ɗaya, kuma na san taurin kanta ya fi na jaki. Murya ce kawai ba ta ɗagawa. Ni kuwa Ankica, kowa a garin nan ya san bakina ba shi da linzami, shi ya sa har gobe mutane ke mamakin yadda muka ƙulla.

Tun kafin yaƙi muke tare. A lokacin makarantar ɗaya ce, ƙofa ɗaya, ƙararrawa ɗaya. Ni ina koyar da labarin ƙasa, ita tana koyar da adabi. Mijinta Refik direban bas ne, dogo, mai barkwanci, ba ka zama kusa da shi ba ka yi dariya ba. Ana tsakiyar yaƙi aka zo har gida aka ce ya fito zai amsa 'yan tambayoyi. Mutanenmu ne suka tafi da shi, 'yan coci, ba zan ɓoye ba. Daga ranar ba a sake ganinsa ba, da rai ko gawa.

Da aka ajiye makamai, aka fara tono ramukan da aka zuba gawarwaki a duwatsun da ke kewaye da mu. Ƙanin Refik ya ba da jininsa aka ajiye don gwaji. Duk lokacin da aka buɗe wani rami, Zumreta sai ta sa baƙar rigarta ta je ta tsaya, ta dawo hannu rabbana. Ba ta taɓa cewa a kama kowa ba.

"Kabari nake so, Anka," in ji ta. "Inda zan je in zauna in gaya masa rufin kicin yana yoyo."

Makarantar tamu kuma aka raba ta biyu. Yaranmu a sama, 'ya'yan Musulmi a ƙasa, kowa da ƙofarsa da shugabansa, an gitta waya a tsakar fili. Har ƙararrawar tashi aka bambanta don kada su haɗu a hanya. Aka kawo sabon darasi, dimokuraɗiyya da haƙƙin ɗan'adam, malaman ɓangaren Musulmi duk suka zame, aka jibga wa Zumreta. Ta koyar da shi daga littafi zango guda. Yara suka haddace, suka ci jarrabawa, suka fita suka ci gaba da jifan juna ta saman waya.

Wata rana ta tare ni a bakin titi, don a cikin makaranta ba mu da wurin haɗuwa.

"Anka, ki ba ni aron yaranki."

"Aro? Tukunya ce?"

"Goma ma sun isa. Nawa sun iya zayyano haƙƙin ɗan'adam kamar ruwa, amma ba su taɓa jin muryar yaron sama ba sai in zagi yake."

"A ina za ki zuba su? Shugabanku ba zai bar nawa su sauko ba, namu kuma gara ya ga gobara da ya ga naki a bene."

"Ɗakin murhu," ta ce.

A can ƙarƙashin ginin akwai ɗakin da babban murhun da ke ɗumama makarantar yake. Shi kaɗai ne ba a raba ba, don duk shugaban da ya ce nasa ne, shi zai riƙa sayen itace. A nan muka fara, kowace Alhamis bayan an tashi, a kan akwatunan katako, cikin ƙaurin hayaƙi.

Ba ta zo da littafi ba. Tambayarta ta farko ita ce, me ya ɓata maka rai a makon nan? Makonnin farko ka ce zaman makoki ake, nawa a wannan bango, nata a wancan. Rannan wani ɗan ajina ya nuna su da yatsa ya ce, "Ku kuka ƙona gidan kakata." Wani daga cikin nata ya miƙe yana huci. Ni ma na miƙe, niyyata in kwaɗa wa kowa mari a huta. Zumreta ta jawo gefen rigata.

"Bar shi ya gama. Kai kuma zauna, naka na tafe."

Ya gama, har da launin ƙofar gidan da kyanwar da ta ƙone a ciki, yana faɗa yana share majina. Ɗayan ya faɗi nasa, na kawunsa da ya dawo daga tsare babu haƙori ko ɗaya. Ba su yi musabaha ba, kada ka ɗauka wasan kwaikwayo nake ba ka. Amma Alhamis da ta zagayo duk sun dawo.

Iyaye suka yi ta ƙorafi wai tana sa yara kuka maimakon karatu. Ta ce da ni, "Wanda bai iya zama ya saurari abin da ba ya so ba, ko ƙuri'a ɗari ka ba shi, dutse zai nema." Dokokinta biyu ne, kuma a kansu ba ta da wasa. Ba a katse mai kuka, ana jira har ya gama. Abin da aka faɗa a ɗakin murhu kuma, a ɗakin murhu yake zama. Kowane sabon yaro sai ta kalle shi ido cikin ido ta ce, "Ni ma dokar ta hau kaina."

Mun yi shekaru a haka kafin Tihana ta zo. 'Yar ajina ce, ba ta wuce sha biyar ba, shiru-shiru, jikar wani tsoho Vinko mai gonar tuffa a ƙauyen da ke saman gari. Makon da ya biyo bayan ranar tunawa da matattu ne, ranar da muke zuwa maƙabarta mu kunna wa namu kyandir. Zumreta ta tambaye su, me kake gani a gidanku da ba wanda ya taɓa yi maka bayani? Wannan ya ce kaza, wancan ya ce kaza, har aka yi dariya. Sai Tihana ta ɗaga hannu.

"Kakana ne, Malama. Duk shekara in mun dawo daga maƙabarta, sai ya ɓoye kyandir huɗu a aljihu ya gangara ƙarshen gona, wurin da ba ya bari a yi noma. Bana na bi shi. Ya kunna su a ƙasa ya durƙusa yana kuka kamar yaro. Mu kuma ba mu da kowa a can. Na tambayi babana, ya ce in na sake tambaya sai ya fasa min baki."

Yaran ba su gane ba, ita kanta yarinyar ba ta san abin da ta faɗa ba. Na dubi Zumreta. Fuskarta ta yi fari fat. Daren da aka tafi da Refik, su huɗu aka kwasa daga unguwarsu, kuma ta hanyar ƙauyen motar ta bi.

"Mun ji ki, Tihana," ta ce. "Abin da nauyi, ki ga kakanki yana kuka ba ki san dalili ba. Wa ke biye?"

Da yaran suka watse na rufe ƙofa.

"Gobe da sassafe mu tafi ofishin masu neman waɗanda suka ɓata."

"A'a."

"A'a me? Zumra, kin ji abin da na ji kuwa?"

"Na fi ki ji. Yara ashirin ne suka ji ta. Ranar da motar tono ta shiga gonar nan, kafin azahar gari ya san bakin wa ya fito. Kin san ubanta Bero. Ina za ta kwana?"

"To ki bar mijinki a ƙarƙashin tuffa saboda dokar da ke kika ƙirƙiro da bakinki?"

"Ba don in yi amfani da shi ta faɗa ba. Ta faɗa ne don na ce mata babu abin da zai fita." Sannan ta ce, "Tsohon ne zai faɗa da bakinsa. In daga gare shi ya fito, ba ruwan yarinya. Ki raka ni gidansa."

Na zage ta tas ranar, na kira ta mahaukaciya, amma na raka ta. Matar Vinko, Kata, 'yar cocinmu ce, don haka da ni ƙofa za ta buɗu. Muka fake da sayen tuffa.

A garinmu kowa ya san gahawa uku ake ba baƙo a gidan mutum. Ta farko ta maraba ce, a kanta sai zancen sanyi da ciwon baya. Ta biyu mai kauri, a kanta ake buɗe ciki. Ta uku tsararo ce, ba a haɗo ta da sukari, in an ajiye maka ita an ce ka tashi ke nan, kuma ɗan mutunci ba ya jira a maimaita. Kata ba ta da karatu amma ba wawiya ba ce. Tana ganin matar Refik a ƙofarta ta san ruwa ba ya tsami banza. Ta kawo ta farko, muka sha. Vinko na gefe, ƙaton mutum da ya rankwafa, yana juya hula a hannu, ya kasa haɗa ido da kowa. Muna ajiye finjali sai ga Kata da tsararo. Ta tsallake ta biyu.

Zumreta ta shanye ta miƙe. "Mun gode, maƙwabciya. Allah ya ƙara lafiya."

A hanya na ce, "Da kin zauna me za ta yi? Ta ɗauke ki?"

"In na zauna bayan ta uku, na zama mai bincike. Ba wanda ke buɗe wa mai bincike ciki."

Haka muka yi ta hawa tudun nan, wata bayan wata, har dusar ƙanƙara ta zo ta narke. Kullum ta farko, sai tsararo. Tuffar da muke saye ni ke kwashewa, don tun ranar da Tihana ta yi magana Zumreta ba ta ƙara sa tuffa a baki ba.

Da bazara muka je muka tarar an kai Kata birni aikin ido. Vinko ne kaɗai. Ya tsaya a ƙofa kamar zai ce mu koma, sai ya matsa. Da kansa ya dafa ta farko, rabi ta zube a murhu. Muka sha, muka yi zancen ƙanƙarar da ta ɓata furanni. Ya kwashe finjalai ya shiga ciki, ya daɗe. Da ya fito na leƙa tire. Mai kauri ce, ga sukari a gefe.

Ya zauna. Bai taɓa tasa ba.

"Malama," ya ce, "mijinki... ƙofata ba tasha ba ce, amma kullum sai ya tsaya wa Kata in ta ɗauko kayan kasuwa. Yana ce mata sarauniyar tudu."

"Halinsa ne," in ji Zumreta.

"Ni ban riƙe bindiga ba. Tarakta gare ni, shi ke nan laifina. Suka buga min ƙofa suka ce in fito da ita, in..."

Sai kuka ya ƙwace masa. Ban taɓa ganin namiji yana kuka haka ba, kafaɗunsa na girgiza, bakinsa a buɗe, magana ta ƙi fita. Kalma ɗaya ta rage, in ce masa a ina, ya nuna da hannu, mu biyu shaida. Na buɗe baki. Zumreta ta damƙe gwiwata har sai da farcenta ya shige ni. Ba a katse mai kuka.

Muka jira. Ya fara lafawa, ya jawo hula yana share fuska, ya ja numfashi zai ci gaba. A daidai nan muka ji mota ta tsaya a waje. Bero ne ya shigo, ya dubi ubansa, ya dubi finjalai, ya dube mu.

"Me malaman makaranta ke nema a gidan nan duk wata? Tuffar kasuwa ta ƙare ne?"

Vinko ya sunkuyar da kai, kuma daga ranar bai sake ɗaga shi a gabanmu ba. Ƙofar gidan ta rufu.

Bero ya koma gida ya titsiye 'yarsa. Ta rantse masa ba ta ce komai ba, yaran ɗakin murhu kuma, nawa da nata, ko ɗaya bai yi tsegumi ba, wannan kam zan faɗa da alfahari. Duk da haka ya cire ta daga makaranta ya tura ta wajen gwaggonta a wani gari, ya kai ƙara wai ana tara yara a ɓoye ana juya musu kai. Shugabannin nan biyu da ba su taɓa yarda da juna a kan ko tsintsiya ba, ranar bakinsu ya zo ɗaya. Aka sa wa ɗakin murhu kwaɗo.

Na sami Zumreta a gida na ce, "To, ɗakin ya tafi, yarinyar ta tafi. Me ya rage kike karewa? Tashi mu je ofishin nan."

"Yanzu zargi kawai ubanta yake yi. In aka tona, ya tabbata ta yi masa rantsuwar ƙarya."

"Da kin bar ni na yi tambayar nan, da yanzu Refik na da kabari."

"Na sani," ta ce. "Kullum da shi nake kwana, da shi nake tashi." Ta faɗa a hankali, har na ji kunyar bakina.

Bayan 'yan shekaru Vinko ya mutu da maganarsa a ciki. Muka yi ritaya. Zumreta ta ci gaba da sa baƙar rigarta tana zuwa jana'izar mazan wasu, alhali ta san inda nata yake, tafiyar da ba ta kai a sa takalmin kirki ba. Wani lokaci takan hau bas ɗin ƙauyen ta zauna ta gefen taga, ta je har ƙarshen hanya ta dawo ba ta sauka ba. Na tsani ganin haka, kuma ban iya hana ta ba.

Tihana ta dawo tana dab da talatin, ma'aikaciyar jinya a Jamus. Ina zaune a gidan Zumreta ta yi sallama. Ba ta ko zauna ba.

"Malama, sai da na girma na gane abin da na faɗa ranar nan. Ke kin gane tun a lokacin?"

"Na gane."

"Kika yi shiru duk shekarun nan?"

"Maganarki ce, 'yata, ba tawa ba."

Yarinyar ta durƙushe a ƙasa tana kuka. Da ta tashi ta ce gobe za ta je ofishin, da sunanta da na kakanta. Abin mamaki, Zumreta ce ta shiga roƙonta. Ta ce ta tuna ubanta, ta tuna uwarta, ta ce ita ta tsufa, ta saba, saura kaɗan ta je ta same shi ta wata hanyar.

"Su huɗu ne, Malama," in ji Tihana. "Sauran ukun ma suna da masu jira."

Aka tona ƙarshen gonar. Mutum huɗu ne. Gwajin jini ya nuna ɗaya Refik ne, aka yi masa sallah aka binne shi a maƙabartarsu ta bakin kogi. Mata suka tsaya daga gefe, ni da Tihana muna riƙe da Zumreta. Daga dangin yarinyar ba wanda ya zo. Tun ranar da motar tono ta shiga gona Bero ya ce ba shi da 'ya, ya hana uwarta ko ɗaga wayarta. A cocinmu, mutanen da nake zama benci ɗaya da su, har da masu kiran Tihana maciya amana. Na ba wasu amsa a bakin ƙofar coci, da kalmomin da ba a faɗa a wurin.

Da aka watse mata suna ta cewa Zumreta Allah ya cika mata buri, yau za ta yi barci. Ta jira sai da suka tafi, tana kallon Tihana da ke tsaye can ita kaɗai da jakarta.

"Anka, ni na samu gawa, ita ta rasa masu rai. Kuma ni na koya mata magana."

Na ce ba laifinta ba ne, na ce gaskiya ce ta yi halinta, na faɗi duk abin da ake faɗa. Ba ta ko juyo ba.

Bara uwar Tihana ta rasu. Ba wanda ya sanar da ita sai bayan an binne, a bakin wata tsohuwar ƙawarta ta ji. Ta bugo wa Zumreta waya, ta ce ko ta zo ba za a bar ta ta tsaya a kan kabarin ba, kuma ta san babanta, ba zai cire ko ciyawa ɗaya ba. A wajenmu gyaran kabarin uwa aikin 'ya mace ne.

Asabar ɗin da ta biyo Zumreta ta buga min ƙofa, da ɗankwalinta da sandarta da 'yar fartanya a cikin jaka.

"Ki raka ni maƙabartarku. Ban san inda aka binne uwar Tihana ba."

"Zumra, kin haura saba'in. Naki kabarin da kika sha wuya a kansa yana can bakin kogi, hanya shimfiɗe. Wannan tudu ne."

"Refik yana da ni. Ita ba ta da kowa a nan."

Tun daga nan duk Asabar muke hawa, ina mita tana haki. Mutanenmu na kallonta da ɗankwali a tsakanin gicciye, ba ta kula su. Gwiwoyinta sun daina lanƙwasuwa, sai na riƙe ta take durƙusawa, sai na ɗago ta take tashi. Tana cire ciyawa tana yi wa matar magana ƙasa-ƙasa, tana ba ta labarin 'yarta, cewa an ƙara mata girma a asibiti, cewa ta rame amma tana cin abinci. Tihana ba ta sake taka garin nan ba.